Abin da kyamarar yaranmu ta koya mana game da wuta

Wasunku sun tambaye mu inda aka kwana kan ɗan mutum-mutumi mai taya da matasanmu ke haɗawa a nan Gidan Waya, tunda da kuɗin asusun ƙungiya aka sayi kayan. Ga bayani.

Idon da suka saka masa ita ce Kinect, kyamarar da Microsoft ya fitar a 2010 domin wasan Xbox 360. Tana watsa wani haske da ido ba ya gani, da shi take auna nisan abin da ke gabanta, daga ƙasa da mita 1 zuwa kamar mita 4. Ta hannu muka samu. Yaran ba su da Xbox, don haka suka ɗora libfreenect, manhajar kyauta da masu sha'awa suka rubuta tun shekarar da kyamarar ta fito, suka haɗa da ROS.

Da suka jona ta a kwamfuta, koriyar fitilarta ta kama ƙyaftawa, amma hoto ko alama. Mako biyu suna goge manhaja suna sake ɗorawa. A taro har mun fara cewa an yi asara, wasunmu suka ce a rufe maganar. Mu da muka sa hannu aka fitar da kuɗin, kunya ta ishe mu.

Ashe yunwar wuta ce. Ramin USB volt 5 yake bayarwa, ita kuwa wannan Kinect sai an ƙara mata volt 12, wajen amfiya 1, ta wata waya daban. Wani mai gyaran rediyo a Kafanchan ne ya ɗora mita ya nuna mana, cikin minti kaɗan.

Suka kawo batirin babur, hoto ya fito. Sai kuma ya riƙa ɗaukewa duk lokacin da tayoyi suka tashi, domin injinansu na janye wutar. Da aka saka ƙaramar na'urar daidaita wuta tsakanin batir da kyamara, ta zauna daram. Yanzu a cikin ɗaki yana kauce wa kujera, amma a tsakar rana idonsa na rikicewa.

Mun kusa kashe wa yaran gwiwa saboda abin da mita ɗaya za ta warware. Duk mai irin wannan aiki ya fara auna wuta, ya tabbatar da wayar da ke ɗauke da ita kafin ya jona, sannan ya zargi manhaja. A taro mai zuwa za mu nemi amincewarku a sayo musu mita tasu. Allah ya yi wa yaranmu albarka.