Samarin Nima a Majigi: Waiwaye Kan Fim ɗin VIP

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi a farkon shekarun 2000 ya san sunan VIP kafin ya san na ministoci. Samari ne 'yan unguwa, Lazzy da Promzy da Prodigal, waɗanda suka ɗauki kiɗan hiplife, wato gamin highlife na Gana da rap na Amurka, suka zuba masa Hausar Zango tare da Twi. A 2003 suka saki Ahomka Womu, a 2004 kuma suka lashe kambun gwarzon shekara a bikin Ghana Music Awards. Daga rumfunan masu sayar da kaset a Makola har cikin motocin trotro, babu inda muryarsu ba ta kai ba. Iyayenmu mata da ke kasuwanci a Makola sukan taɓe baki su ce aikin shashanci ne, amma da an tambaye su sai su ce, "Ai yaranmu ne."

Wannan tafiya ce Eli Jacobs-Fantauzzi, wani mai shirya fim daga Amurka, ya tattara a fim ɗinsa HomeGrown: HipLife in Ghana. Labarin shekara goma ne, tun samarin suna neman mai sauraronsu a lungunan Nima har zuwa rangadinsu na farko a ƙasashen waje.

Babban abin yabo a fim ɗin shi ne haƙuri. Mai kyamara bai jira sun shahara ba kafin ya kula su, don haka muna ganin gumi kafin tafi. Ga mu 'yan Zango kuwa, akwai ribar da baƙo ba zai gane ba. Shekara da shekaru jaridun Akra ba su cika ambaton Nima ba sai in an yi faɗa ko kwata ta cika ta yi ambaliya. A nan sai ga unguwar da Malam Amadu Futa ya kafa tana magana da bakin 'ya'yanta.

Sai dai muna da ƙorafi guda. An gina labarin a kan ma'aunin fita: yaro ya taso a talauci, ya yi suna, ya hau jirgi. Mu kuwa a Zango ba da tafiya muke auna mutum ba, da dawowa muke aunawa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Girman VIP a idonmu yana ga Sallahfest, wasan da suka riƙa shiryawa a Nima lokacin Sallah, inda mai koko da ɗan kayayo da ɗalibin makarantar allo ke tsayawa kafaɗa da kafaɗa a kan titi. Wannan dandali ya cancanci fim nasa sukutum.

Zamani ya juya. Promzy ya bar ƙungiyar, Reggie Rockstone ya shigo a 2014, suna ya koma VVIP. Ƙannenmu a yau suna kallon finafinan wasan BTS na Koriya ta Kudu a waya, sun san ranar haihuwar kowane mawaƙi, alhali da yawansu ba su san an taɓa yin fim a kan samarin layinsu ba. Ba mu ga laifinsu ba. Mutanen Koriya sun ɗauki nasu, sun adana, sun tallata.

Kyamarar da ke aljihun kowane yaro a Mamobi yanzu ta fi wadda ake yawo da ita a wancan zamani kyan hoto. Mu nemo HomeGrown mu haska wa matasa a tsakar unguwa, sannan idan Sallah ta zagayo, a samu ɗan Zango da zai riƙe kyamara tun daga hawan idi har a tashi daga wasa.