Ko ɗanki na cikin masu waƙa a gindin ganuwa?

Uwargida, in za ki shiga birnin Zazzau ta Ƙofar Doka bayan la'asar, ki ɗan rage sauri. Rannan na taso daga aikin safe, na tarar da samari huɗu a gindin ragowar ganuwa: ɗaya na ɗauka da waya, ɗaya na zuba gambarar zamani, biyu na korar awaki kada su shiga hoto. Ba kamfanin da ke bayansu. Karo-karo suke yi su biya situdiyo, su ɗora a YouTube da Audiomack, burinsu su kamo DJ AB na Kaduna.

Na tsaya na saurara. Ashe baitin a kan abokinsu ne da kodin ya lalata. Tun 2018 gwamnati ta haramta maganin tarin nan, amma har yau ana kawo mana irinsu asibiti.

Garin da Aliyu Namangi ya rera Imfiraji ba ya rasa mawaƙi. In naki na cikinsu, kafin ki hau shi da faɗa ki ce, "Kunna min in ji." Abin da ya kasa gaya miki a tsakar gida, wataƙila yana cikin waƙar.