Sandar Baba Malam da Tafiyarmu Gidan Halifa

A wannan wata za mu ɗan ajiye zancen ruwan hawasha da farashin dawa, mu ba ku labarin wata tafiya da muka yi zuwa Umdurman a shekarar 2018, da abin da ya biyo bayanta. Dalilin tafiyar kuwa sanda ce.

A ƙauyenmu da ke yamma da Managil akwai wani dattijo mai karantar da allo, Allah ya jiƙansa, wanda yaro da babba ke kira Baba Malam. A kusurwar ɗakinsa, bayan angarib, akwai wata baƙar sanda ta icen kanya, tsawonta ya kai kafaɗar mutum. An sa mata ƙarfe a gindi, an naɗe kanta da jar fata irin aikin dukawan ƙasar Hausa, ga kuma wasu tsagu guda bakwai a jikinta. Ya ce kakansa ne ya dogara ta tun daga ƙasar Sakkwato har bakin Nil Azraƙ, cikin jama'ar da suka yi hijira bayan zuwan Nasara. Mu 'yan makaranta da muka koma malamai sai muka dame shi, wai irin wannan abu gidan tarihi ya kamata a kai shi, a sa shi cikin gilashi, duniya ta san mu ma muna da asali. Ya saurare mu har muka gaji, sannan ya ce, "To, ku je ku gano gidan tukuna. In kun dawo ku gaya mini wa ke gaishe da kayan da ke cikinsa."

Da aka gama tsinkar auduga muka shiga mota bayan sallar asuba. Hanyar ba baƙuwa ce gare ku ba: tur'a bayan tur'a, waɗanda aka haƙa lokacin faɗaɗa aikin Jazira zuwa Managil daga ƙarshen shekarun 1950, wato aikin da ya jawo iyayen yawancinmu nan. Muka faɗa Wad Madani, muka bi Hasahisa da Kamlin, la'asar ta yi mana a Khartum. Muka ƙetare Nil Abyad muka kwana wajen 'yan'uwa.

Gidan Halifa Abdullahi yana daura da ƙubbar Mahadi. Wanda bai sani ba zai wuce shi, don ba fada ce mai ado ba. Gida ne na tubali, ɗaki cikin ɗaki, tsakar gida bayan tsakar gida, kamar gidan wani attajirin ƙauye da iyali suka yi wa yawa. An gina ƙasansa a 1888, aka ɗora bene a 1891, aka mai da shi gidan tarihi a 1928. A ciki muka ga jibbobin Ansar masu faci kala-kala, da masu masu faɗin kai, da takubba, da sulke, da tsofaffin bindigogi, da kuɗin da aka buga a zamanin, da wasiƙu, da tutoci masu rubutu. A tsakar gida ga ƙololuwar ƙubbar farko, wadda igwar Kicina ta fasa a 1898, ga kuma wata tsohuwar mota ta Turawan mulki da ta fi kama da amalanke. Ɗaya daga cikinmu ya daɗe gaban sulken nan yana lissafin yadda mutum zai sa shi a zafin watan Satumba, har ya yi gudu da shi.

Mu dai sandar mulki muka zo nema, don mu gwada ta da tamu. Amma tun ba mu gama zagayawa ba muka lura a ƙasar nan ba a sanda mulki ya fi zama ba. Sarakunan Funj na Sinnar, daga 1504 zuwa 1821, alamarsu kujerar nan ce ta itace da ake kira kakar, da hula mai ƙaho biyu, da nahas, wato tamburan tagulla. Mahadi da Halifa kuwa tuta ce tasu. Baƙar tutar Halifa ita ce mutanensa suka mutu a gindinta ranar 2 ga Satumba 1898 a Karari, inda sama da mutum dubu goma suka kwanta a wuni guda, Turawa suka ɗauke ta.

A gaban tutocin nan ne zancen ya juyo kanmu, don mu ma labarinmu na tuta ne. Sarakunan Hausa na dā suna da nasu kayan: takobin nan Gajere na Katsina, da takobin da ake dangantawa da Bayajidda a fadar Daura, da tagwayen masu na Sarkin Kano, waɗanda duk a fada suke, ba a bayan gilashi ba. Da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya tashi jihadi a 1804, abin da ya danƙa wa wakilansa tuta ce: Modibbo Adama, da Yakubun Bauchi, da Buba Yero, da Ummarun Dallaje da sauransu. Shekara ɗari ba ɗaya bayan haka, ranar 15 ga Maris 1903, Turawa suka ci Sakkwato. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi gabas da jama'a mai yawa. Suka cim masa a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, ya yi shahada tare da ɗaruruwan mutanensa, aka kashe Manjo Mash na ɓangaren Turawa, aka ɗauke tutar. Ku duba fa, shekara biyar kacal tsakanin Karari da Burmi. Tutar Attahiru ba ta koma Sakkwato ba sai a 1960, zamanin Sarkin Musulmi Abubakar na uku. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno shi ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira, suka sauka Shaikh Talha, daga baya suka ƙetare kogi suka kafa garin Mai Wurno kudu da Sinnar, garin da kowane ɗayanmu ke da dangi a cikinsa.

Ita kuwa sandar girma da ake gani yau a hannun sarakunan Nijeriya, Gwamna Lugga ne ya tsara ta: mai kan azurfa ga sarki mai daraja ta ɗaya, mai kan tagulla ga na biyu. Har gobe gwamnan jiha ne ke miƙa ta ranar bikin naɗi. Ba mu raina ta ba, sarakuna ne iyayen ƙasa. Amma a ganinmu ya kamata yaranmu su san cewa lokacin da ake raba waccan sanda a can, kakanninmu suna kan hanya da wata iri dabam, wadda ba wanda ya ba su, suka sare ta a daji.

Kashegari muka leƙa babban gidan tarihi na ƙasa da ke kusa da Mugran, wanda aka buɗe a 1971. Nan kam mun ga sanduna, amma a jikin dutse: sarakunan Kush da aka sassaƙa riƙe da su, ga gunkin sarki Taharƙa ya kusa taɓa rufi, ga ɗakunan bauta na Buhen da Samna da Kumma da aka kwaso daga arewa kafin ruwan madatsar Aswan ya cinye wurin. Kowane abu da lambarsa, da takardar da ta faɗi inda aka samo shi. Wannan tsari ya burge mu ƙwarai, muka dawo gida da ƙarfin gwiwa.

Muka zauna gaban Baba Malam bayan isha'i, ana zuba shayi. Muka ce, "Allah gafarta Malam, mun gani. Gida ne mai tsaro, ba gara, ba yoyo, mutane daga ko'ina suna zuwa kallo." Ya ce, "Kallo na ji. Akwai wanda ya san sunan mai jibbar, ya yi masa fatiha?" Muka yi shiru. Ya miƙa hannu ya jawo sandar, ya dogara ta ya tashi, ya ce ita yake kai wa masallaci ranar da gwiwa ta motsa, in an sa ta a gilashi wa zai kai shi? Gaskiya mun ji haushi a daren nan. Har a hanyar gida muna cewa tsofaffi ba su san darajar abin da ke hannunsu ba.

Sauran labarin kun fi mu saninsa, don a kanku aka yi. Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum. Gidan tarihi na ƙasa ya faɗa yankin da Da'am Sari' ke riƙe da shi. A watan Satumba 2024 labarin wawushe shi ya bazu, har hukumar UNESCO ta gargaɗi masu cinikin kayan tarihi kada su saye. Da sojoji suka shiga tsakiyar birnin a Maris 2025, ma'aikata suka tarar an farfasa akwatunan gilashi, an fasa ma'ajiyar, zinariyar sarakunan Kush ta tafi. Taharƙa dai yana nan, nauyi ya cece shi. Gidan Halifa ma bai tsira ba, haka fadar Sultan Ali Dinar da ke Fashir. Ba mu da hanyar tantance ko jibbar da muka tsaya gabanta tana nan, amma mun tabbata da an bi shawararmu, da sandar tana cikin lissafin asara.

Mu a nan, da Madani ta faɗi a Disamba 2023, Managil da ƙauyukanta suka cika da 'yan gudun hijira. Gidan Baba Malam kaɗai ya karɓi iyali huɗu. Cikin daminar 2024 zazzaɓi ya kama shi, ga magani ya yi wuya, Allah ya karɓi abinsa. Bai ga dawowar Madani a Janairu 2025 ba.

Yanzu duk wanda ya ji labarin sai ya ce, ai tsoho ya fi ku gaskiya. Mun yarda, amma ba duka ba. Kayan da aka sace a Khartum, masu lamba da hoto a cikinsu ana iya gane su ko a wace kasuwa suka ɓulla, a ce na Sudan ne, a nemi a mayar, kamar yadda tutar Burmi ta koma bayan shekara 57. Sandarmu fa? Takardarta ɗaya ce, shi ne Baba Malam, an kuwa binne shi. Kwana arba'in ba su cika ba muka ga wani yaro cikin baƙin da suka sauka yana korar awaki da ita a bakin tur'a. Ba laifinsa ba ne, ice ya gani. Muka karɓa muka kai wa babbar 'yar marigayin.

Mako biyu da suka wuce muka sayi littafin rubutu muka je wurinta. Muka auna sandar, mita ɗaya da santimita 40, muka ɗauki hotonta da waya. Muka ce, "Inna, ki faɗa mana duk abin da kika ji daga bakin Malam." Ta lissafa garuruwan da ta riƙe: Burmi, Abeshe, Fashir, Ubayyid, sannan Shaikh Talha. Ta ce fatar da ke kai ba ta asali ba ce, mahaifinta ya sake ta a Mai Wurno shekarar da aka yi mata aure, abin da shi bai taɓa gaya mana ba. Da muka zo kan tsagun nan bakwai, ta ce shekarun da aka yi a hanya ne, ana noma ana tashi. Ƙanenta da ke zaune bakin ƙofa ya ce a'a Yaya, 'ya'yan da aka binne a hanya ne, da kunnensa ya ji. Suka yi ta ja har shayi ya huce. Muka rubuta duka biyun, kowanne da sunan mai faɗarsa. Ta ce akwai wata gwaggonsu a Mai Wurno da ta haura shekara 90, in tana da sauran hankali ita za ta raba gardama. Mun sa ranar tafiya bayan an yanke dawa, in hanyar Sinnar ta yi kyau.