Yadda na kashe kifi biyar saboda kyan launi (zare)

1/ Jama'a ku matso in ba ku labarin yadda kuɗin da na tara zango guda suka tafi, tare da ran kifi biyar, cikin kwana 12. Duk mai shirin ajiye kifin ado a ɗaki ya karanta kafin ya shiga kasuwa.

2/ Muna gama jarrabawa na je na sayi akwatin gilashi mai cin lita 40, da filta, da 'yan duwatsu. Na tafi da Autarmu, 'yar shekara bakwai. Duk kifin da ta nuna da yatsa sai in ce a saka mana. Launi kawai muke bi.

3/ Muka kwaso tara: betta namiji ɗaya shuɗi mai jela kamar mayafi, taiga bab biyu masu zane, kifin gwal biyu, da gupi huɗu. Na tambayi mai shagon, "Malam, za su zauna tare kuwa?" Ya ce, "Haba ɗalibi, kifi ai kifi ne." Ni ma son zuciyata ne, amsar da nake so in ji ke nan.

4/ Auta ta raɗa wa bettan suna Sarki. Kwana uku jelar Sarki ta zama tsumma. Ashe taiga bab halinsu ne cizon jelar kifi, musamman in ba su da yawa. A garke ake ajiye su, shida ko fiye, su riƙa fitinarsu a junansu. Ni biyu na saya, suka huce a kan mai doguwar jela.

5/ Shi ma Sarkin ba kanwar lasa ba ne. Asalinsa daga Tailan yake, kuma an daɗe ana kiwonsa don faɗa. Maza biyu ba sa zama akwati ɗaya. Har gupi namiji mai jela mai launi yakan ɗauka abokin gaba ne. Wato ana cizonsa, shi ma yana cizon wasu.

6/ Kifin gwal kuwa sam bai kamata ya shigo ba. Ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, sauran kuma na ƙasashen zafi ne, wajen digiri 24 zuwa 27 suke so. Ga yawan kashi. Ga shi wannan ɗan mitsitsin da kake gani yana iya wuce santimita 20. Lita 40 ina za ta kai shi?

7/ Babban laifina shi ne gaggawa. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, guba ce. Akwai ƙwayoyin halitta da ke zama cikin soson filta suna mayar da ita abu mai sauƙin illa, amma sai sun yi mako huɗu zuwa shida kafin su yawaita. Ni rana ɗaya na zuba ruwa na zuba kifi tara.

8/ Sai ga zafin Afrilu, ga ɗaukewar wuta. Ruwa in ya yi ɗumi iskar cikinsa raguwa take yi. Da asuba na tarar da su a sama suna ta buɗe baki. Gupi uku suka fara tafiya, sai gwal ɗaya.

9/ Ranar 12 Auta ce ta riga ni gani. Ta same ni ina shirin fita ta ce, "Yaya, Sarki ya kwanta a gefe, ka tashe shi." Wallahi na rasa me zan ce mata. Umma ta dube ni ta ce, "Rai ne fa, ba fulawar roba ba." Maganar nan har yau tana ci na.

10/ Tambayoyi huɗu da ya kamata in yi tun farko:
Yaya girmansa zai kai?
Wane irin ɗumin ruwa yake so?
Shi kaɗai yake zama ko a garke?
Yana cizo, ko shi ake cizo?
Sannan ka riƙe wannan: duk kifin da zai shige bakin wani, abinci ne. Mai kiwon tarwaɗa ya sani.

11/ A lita 40 zaɓi ɗaya za ka yi. Ko betta shi kaɗai da katantanwar ruwa, ko gupi maza zalla kamar biyar. In ka haɗa da mata, kusan duk wata sai sun haihu, akwati ya cika. Sauya rubu'in ruwan duk mako, kada ka wanke soson filta da ruwan famfo.

12/ Na mayar da taiga bab shago, gwal da gupin da suka rage na ba maƙwabcinmu mai babban akwati. Nawa ya yi wata guda filta na aiki ba kifi, ina ɗan jefa abinci. Yanzu betta ja ne a ciki, shi kaɗai.

13/ Na ce Auta ta sa masa suna, ta ce a'a, sai ya yi wata bai mutu ba tukuna. Yau kwanansa 19. Kullum da safe sai ta je ta ƙirga a kalanda.