Hwari ko Fari: Tambayar da Ake Yi da Dariya a Hanyar Filinge

Akwai tambayoyin da ba kasafai ake yin su a cikin aji ba. A tasha ake jin su, ko a bakin rijiya, ko a rumfar mai shayi, kuma galibi da dariya ake rufe su tun kafin a sami mai ba da amsa. Biyu daga cikinsu sun daɗe suna yawo a kan hanyar da ta tashi daga Yamai ta nufi Filinge. Ta farko ita ce: me ya sa Bakurfaye ke cewa hwari alhali a littafi fari aka rubuta? Ta biyu kuwa: me ya sa Bazabarme, ko da ya shekara talatin yana ciniki da Hausa, baki da baƙi duk ɗaya ne a bakinsa? Tambayoyin sun yi kama da wasa, amma amsarsu ta ratsa ilimin furuci da tarihi da halayyar ɗan Adam, kuma akwai waɗanda rashin amsar yake cutarwa.

Ƙasar da ake magana a kanta ta dace da irin waɗannan tambayoyi. Filinge tana da nisan kimanin kilomita 180 arewa maso gabas da Yamai, a cikin jihar Tilaberi, a gefen Dallol Boso, tsohon kwarin kogi wanda ruwansa ya daina gudu tun zamani mai nisa. Matafiyi yakan bi ta Baleyara mai babbar kasuwar Lahadi, ya ratsa Tondikandiya wadda cibiyarta Damana, ya wuce Bonkuku ta ƙasar Imanan, kafin ya shiga Kurfai. A wannan ɗan tsakani kunne yakan ji Zabarmanci da Tamashek da Fulatanci da Hausa. Sunayen wuraren ma shaida ne: tondi a Zabarmanci dutse ne, dallol a Fulatanci kwari ne, karin Hausar Kurfai kuwa masana na kiran sa Kurhwayanci, wato sunan da kansa yana ɗauke da sautin da ake yi wa dariya.

A wani ƙauye kusa da Damana wata yarinya ta tashi, mahaifinta Bakurfaye, mahaifiyarta Bazabarma. A gida ba ta taɓa sanin cewa bakinta yana da wani aibi ba. Da ta ci jarrabawa ta tafi makaranta a Yamai, sai ta haɗu da ƴan aji waɗanda finafinan Kano da rediyo suka gyara wa kunne. Ranar da ta ce za ta tahi ta sayo hwarin ƙyalle, aka kwashe da dariya, aka yi ta maimaita mata har ƙarshen zango. Cikin shekara guda ta koyi cewa tafi da fari, ta kuma koyi wani abu da ya fi wannan muni, wato yin shiru idan ba ta tabbata da furucin kalma ba. Da ta dawo hutu, kakarta ta wajen uba ta saurare ta, ta ce: "Ke jikalle, wa ya sauya miki baki?" Yarinyar ba ta da amsa, domin babu wanda ya taɓa bayyana mata cewa abin da aka kira kuskure doka ce mai tsari.

Dokar kuwa mai sauƙi ce. Sautin da ake rubutawa da harafin f a Hausa, ko a Kano ba irin na Faransanci ba ne, wanda ake ɗora haƙoran sama a kan leɓen ƙasa. Yawancin Hausawa da leɓɓa biyu suke furta shi, zuzau ne baleɓe, wani lokaci ma leɓɓan su haɗe ya fito kamar p. Idan leɓɓan suka ƙara sakin juna, zuzar da ke tsakaninsu sai ta ragu, abin da ya rage shi ne hucin iska daga maƙogwaro, wato h. A karuruwan yamma, waɗanda Kurhwayanci ke cikinsu, idan wasalin a ne ya biyo baya sai kewayen leɓɓa ya tsaya, a sami hwari da hwata da hwaɗa. Kafin wasalin i kuwa sai a sami tahi da hili da kihi. Bakurfaye ba ya yin wannan a inda ya ga dama. Muhallin sautin ne ke yanke hukunci, kuma yaro ɗan shekara huɗu yana bin dokar ba tare da an koya masa ba.

Abin da mai dariyar bai lura da shi ba shi ne, shi ma yana kan hanya ɗaya. Mai cewa huɗu da hutu da hura wuta ya riga ya mayar da f zuwa h kafin wasalin u. Har yanzu ana jin fuɗu da futu a wasu bakunan, kuma a harshen Ngizim na yankin Potiskum, ɗan'uwan Hausa a cikin iyalin harsunan Cadi, kalmar huɗu da f take farawa. Laifi tudu ne, in ji Bahaushe. Sauyin ma bai tsaya ga Hausa ba. Kalmar Latin farina, wato garin alkama, ta zama harina a Sifaniyanci, filius kuma, wato ɗa, ta zama hijo. A Jafananci tsohon p ya bi ta zuzau baleɓe ya koma h, shi ya sa ake kiran ƙasar Nippon ake kuma kiran ta Nihon.

A wani ɓangaren kuma yamma ce ta riƙe tsohon kaya. Bajamushe August Klingenheben ya nuna tun a shekarun 1920 cewa wasu baƙaƙe sun raunana a ƙarshen gaɓa a Hausar gabas suka koma wasali. Saboda haka mai cewa zamna da sabka da Abdu ya fi kusa da tsohuwar siga fiye da mai cewa zauna da sauka da Audu. Kowane kari ya sauya a wani wuri, ya adana a wani wuri, babu wanda ya rungume asali shi kaɗai.

Tambaya ta biyu amsarta tana cikin kunne kafin ta zo baki. Zabarmanci ba shi da ɓ da ɗ da ƙ. A shekarar 1984 Janet Werker da Richard Tees suka wallafa bincike a kan jarirai masu tasowa cikin Ingilishi a Kanada. Sun tarar da cewa ƴan wata 6 zuwa 8 suna rarrabe baƙaƙen harshen Hindi da ba su taɓa ji a gida ba, amma zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Ƙwaƙwalwa takan tattara hankalinta a kan bambancin da ke sauya ma'ana a harshen gida, ta yi watsi da sauran. Bazabarmen da ya koyi Hausa da girmansa yana jin baki da baƙi a matsayin kalma guda, domin tun yana goye kunnensa ya zuba k da ƙ a kwando ɗaya. Bahaushe ma haka yake tuntuɓe idan aka ce ya furta ŋwa, kalmar Zabarmanci ta cin abinci. Yarinyar Damana, wadda ta sha harsunan biyu tare da nono, ta tsira da kunne biyu, kuma wannan arziki ne da masu yi mata dariya ba su da shi.

Ita dariyar ma an yi nazarin tushenta. A 2007 Katherine Kinzler da abokan aikinta suka nuna cewa yara ƴan shekara biyar sun fi zaɓen abota da mai irin lafazinsu fiye da mai baƙon lafazi. Son bakin gida abu ne da ke tsiro da wuri. Sai dai wannan bayanin dalili ne kawai, bai zama hujjar wulaƙanta kowa ba. Kuma zaɓen wane baki ne zai hau kujera, tarihi ne ya yi shi. Daidaitacciyar Hausa ta ginu a kan karin Kano ta hanyar aikin ɗab'i na Zariya, inda Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a 1939, sannan tarurrukan Bamako na 1966 da Yamai na 1980 suka yi aikin daidaita rubutu. Da a ce injin buga littattafai a Sakkwato ko Tawa aka kafa shi, mai yiwuwa da yau mai cewa fari ne ake gyara wa baki.

Batun ya ƙara nauyi tun daga watan Maris na 2025, lokacin da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Idan Hausa ta ƙara shiga aji da ofis da ɗakin shan magani, tilas a tambayi wace Hausa, kuma a hannun wane irin malami. Malamin da ya ɗauki hwari a matsayin jahilci zai samar da ɗalibai masu shiru. Wanda ya san dokar kuwa zai ce wa yaro: abin da kake furtawa hw kafin a, da f ake rubuta shi, sai yaron ya sami mabuɗin ɗaruruwan kalmomi a darasi guda. Haka nan ɗan Zabarma yana buƙatar a horar da kunnensa da zubin kamantau kafin a hukunta alƙalaminsa. A wajen ungozoma ma, tazarar da ke tsakanin bari da ɓari ba ta wasa ba ce, ko da yake sau da yawa zancen da ke kewaye yakan warware ta.

Aikin da ya rage na ɗaliban harshe ne. Jean-Guy Malka ya kwatanta furucin Hausar Filinge da daidaitacciyar Hausa a mujallar Harsunan Nijeriya tun a 1978, kuma waɗanda aka haifa a wannan shekara yanzu suna da jikoki masu kallon finafinan Kano a wayar hannu. Ya kamata a koma Kurfai da Tondikandiya da na'urar naɗar sauti, a ji kaka da uwa da jika a kan kalmomi iri ɗaya, a gano inda hw ke tsaye da inda take ja da baya, a kuma rubuta sakamakon da Hausar da malamin firamare zai iya karantawa. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, kuma matambayin tasha ya cancanci a faɗa masa dalili.