Minsharin siriri

A wani ƙauyen Damargu, tsakanin Tanut da Belbeji, akwai wani malamin makaranta, dogo siriri kamar karan gero. Shekara 3 ya yi yana gyangyaɗi a gaban allo tun da hantsi. Yara suna dariya a ɓoye, iyaye suna cewa ragwanci ne, har mai duba makarantu ya ja masa kunne. Shi kuwa yakan kwanta bayan isha'i, ya tashi da asuba da ciwon kai da busasshen baki, tamkar wanda ya kwana yana sussuka.

Uwargidansa ce ta fara gano bakin zaren. Wata safiya ta ce masa: "Malam, na saba da minsharinka. Shirun da ke biyo bayansa shi ke hana ni barci. Sai ka ɗauke numfashi, in yi ta ƙirga, sannan ka zabura kamar wanda aka shaƙe." Dattawa suka ce dannau ne. Wanzami ya ce a cire beli. Abokansa suka ce ai minshari ciwon masu teba ne, ina ruwan mai ƙashi da fata?

Sai da hawan jini ya kai shi asibiti a Damagaram likita ya saurari bayanin matar, ya duba bakinsa. Ya bayyana masa cewa idan barci ya yi nauyi, naman maƙogwaro kan saki, harshe ya koma baya, hanyar iska ta toshe na daƙiƙa 10 ko fiye. Idan abin ya kai sau 5 cikin awa guda, ga kuma gyangyaɗin rana, ya zama ciwo. Idan ya kai sau 30, ya tsananta. Ƙiba na jawo shi, amma ƙaramar haɓa da ta shige ciki, da babban harshe, da toshewar hanci, da kumburin naman gefen maƙogwaro duk suna iya ƙuntata hanyar ko da mutum ramamme ne. In aka ƙyale shi, yakan taimaka wa hawan jini da shanyewar ɓarin jiki, ya kuma sa direba ya runtsa a kan hanyar Agadas.

Tun 1981 Colin Sullivan na ƙasar Ostareliya ya bayyana wata na'ura mai hura iska ta hanci don buɗe maƙogwaro. Sai dai tana bukatar lantarki kowane dare, ƙauyen malam kuwa da fitilar hannu ake kwana. Don haka ya fara da abin da ke hannunsa: ya daina kwanciya rigingine, ya nemi maganin hancinsa, ya guji ƙwayar sa barci. Bai warke sarai ba, amma gyangyaɗin ya ragu, yana kuma komawa wajen likita.

Yanzu duk yaron da ya gani yana barci a aji, baki buɗe, ba ya ɗaga bulala. Yakan aika a kira uwarsa, ya tambaye ta yadda yaron ke numfashi da dare.