"La" ɗin da ba ta da mai ita

Ɗalibin da ya tashi da Hausa ya yi karatu da Faransanci yakan shiga Italiyanci da ƙarfin gwiwa, domin kalmomi da yawa sun yi masa kama da waɗanda ya sani. Tafiyar takan yi daɗi har ya zo ga maganar iyawa. Ya riga ya haddace potere da sapere, yana zaton sun ishe shi fassara "iya". Sai ya ji Italiyawa suna cewa ce la faccio, me la cavo, me la sento, ya nemi kalmomin ɗaya ɗaya a ƙamus, ya tashi da "yi", "ciro" da "ji", babu iyawa a cikinsu.

Waɗannan aikatau ne da wakilan suna suka manne musu har ma'anarsu ta sauya. Tullio De Mauro ya kira su procomplementari a babban ƙamus ɗinsa na 1999. Farcela shi ne a kai ga abu bayan wahala, kusa da y arriver. Cavarsela shi ne a fita kunya ko da ba a ƙware ba, wato s'en sortir. Sentirsela kuwa magana ce ta zuciya: ko mutum yana jin zai iya tunkarar abin.

Bambancin yana da nauyi a bakin baƙo. Ma'aikacin gona da ya ce wa maigidansa non posso, ana iya ɗauka wani uzuri ne ya hana shi. In ya ce non ce la faccio più, ya faɗi cewa ƙarfinsa ya ƙare, maganar da likita ma zai saurara da kunnen basira. In ya ce non me la sento, ya ƙi aikin cikin ladabi, bai ɗora wa kowa laifi ba. Tun 2018 Italiya take neman matakin B1 daga mai son zama ɗan ƙasa ta hanyar aure ko daɗewar zama, amma waɗannan jimloli uku sukan zama larura tun kafin a je ga jarrabawa.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne la. Wace ce? Ba kowa. Duk da haka ita take jan ƙarshen aikatau a shuɗaɗɗen lokaci: ƙato mai gemu zai ce ce l'ho fatta, me la sono cavata, da wasalin tamata, domin jituwar da la ake yi, ba da shi ba. A farcela, ce ba ya motsawa ko wane ne mai magana. A cavarsela ana juyawa me, te, se.

A nan Bahaushe yana da gata, ko da yake bai cika lura ba. Shi ma yana cewa "ta ɓaci", "ta kwaɓe", "ta faru ta ƙare", kuma babu wanda ya taɓa tsayar da shi a kasuwar Maraɗi ya tambaye shi wace ce ta ɓaci. Al'amarin ne, an ba shi jinsin mace an bar shi ba suna. Bambancin kawai, "ta" ɗin Hausa tana gaban aikatau a matsayin mai aiki, la ɗin Italiyanci kuwa karɓau ce. Malamin da ya fara darasin farcela da "ta ɓaci" zai rage wa ɗalibansa rabin wahala, ragowar rabin kuma juya me, te, se ne a baki har harshe ya saba.